Ba Liƙin Malam Lawali Ne Ya Jefa Robo a Ruwa Ba

Malam Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsaye a bakin titi a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ina jiran kabu-kabu, sai Bashir, wanda muka gama karatu tare, ya kira ni ya ce, “Ramatu, kin ji Malam Lawali na labo?” Na ce ban ji ba. Ya ce, “Sai haƙuri. Bayan sallar asuba, a gidansa, Tibiri.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sau biyu na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce kwana huɗu Malam ya yi yana jinya. Ni ban ma san ba shi da lafiya ba.

Rubutun nan zai yi tsawo, ku yi mini haƙuri. Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun yana da rai, ban faɗa ba. Yau zan faɗe ta kamar yadda ta faru, ba ragi ba ƙari.

Ga waɗanda ba su san shi ba: shi ne ma'aikacin da ke kula da ɗakin gwajin kayan lantarki a makarantar da na gama bana, ɗakin da muke ce wa labo. Ba dokta ba ne, ba ya shiga aji. Shekaru ya yi yana gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari kafin a ɗauke shi. Rubuta kod kuma, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura, da girmansa ya koya, daga takardun da ɗalibai ke gamawa da su su bari a kan tebur.

Aikin gama karatuna ƴar robo ce, mai taya huɗu, girmanta bai wuce kwandon cefane ba. Aikinta ta bi tsakanin fangalolin gonakin rani na Jiratawa ita kaɗai, ta tsaya, ta soka ɗan ƙarfe a ƙasa, ta auna danshi, ta rubuta abin da ta gani a kan ƴar kat irin ta cikin waya. Gangar jikin da wayoyin Malam ya taimaka mini na haɗa. Kod ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, wanda ke faɗa mata ta tafi ko ta tsaya, wannan nawa ne.

Ranar da na fara nuna masa kod ɗin ba zan manta da ita ba. Na buɗe kwamfuta, ga fishiye huɗu, wato fayil-fayil, a jere: robo_final, robo_final2, robo_na_Dokta, robo_final_na_gaskiya. Kowanne doguwar tsiya, komai a cakuɗe wuri guda.

Ya gyara tabarau ya ce, “Injiniya, wanne ne ke cikin robo yanzu?”

Na sake duba su. Na ce ina jin na biyun ne.

Ya ce, “Kina ji, ko kin sani?”

Ban sani ba.

Bai yi mini dariya ba. Ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mini gwangwanayen sardin a jere, kowanne da takarda a liƙe. Ya ce, “Kin ga ƙusa cikin gwangwanin fiyus? To mi ya sa lambar taya ke zaune cikin maganar danshi?”

Mako guda cur muka yi ba mu ƙara wa robo komai ba, rarraba kod kawai muke yi. Ya rubuta a allo da alli: ƙafafu, idanu, shawara, ajiya. Dosiye huɗu, wato jakunkunan ajiye fishiye a kwamfuta. Abin da ya shafi juya taya ya tafi ƙafafu. Abin da ya shafi na'urorin da ke gani da aunawa ya tafi idanu. Rubutu a kan kat ya tafi ajiya. Ƙafafu ba su san idanu ba, idanu ba su san ƙafafu ba, shawara ce kaɗai ke magana da kowa. A cikin kwamfuta da Faransanci muka sa sunayen saboda Dokta, malamin da ke duba aikina, amma ni har yau da Hausa nake tuna su.

Sai ya ce duk wata lamba, ta gudu ce, ta nisa ce, ko ta wace waya ke kan wace ƙafar allon lantarkin robo, a tara su a fishiye guda. “Lamba ba ta yawo cikin kod, ɗiyata. Gida guda gare ta.”

Doka ta ƙarshe ita ce wadda na fi ƙorafi a kai. Duk lokacin da na canza ko da harafi ɗaya ne, sai na ƙara lambar siga, wato lambar da ke nuna gyara na nawa ne. Kuma duk lokacin da robo ta farka, kafin ta motsa, sai ta rubuta layi guda a kan kat: wace siga ce a cikinta, da yadda aka saita ta.

Na ce masa, “Malam, lokaci na tafiya, ƴan ajinmu har sun fara rubuta memwar, kundinsu na gama karatu.”

Ya ce, “Su rubuta. Ranar da abinki ya lalace, layin nan ne zai hwaɗa miki gaskiya.”

Ku riƙe wannan, don a kansa maganar take.

Ni mutum ce mai fargaba. Duk wanda ya zauna da ni ya san haka. Sai in kulle ƙofa in dawo in taɓa kwaɗon. A labo sai in auna batir sau uku, samarin ajinmu na cewa, “Ramatu, ba zai gudu ba.” Malam sai ya ce, “Ku ƙyale ta ta duba. Ku da ba ku dubawa, fiyus nawa kunka ƙona mini wanga wata?”

Shi ne mutum na farko da bai ɗauki fargabata a matsayin ciwo ba.

Cajar kwamfutata ta taɓa ƙonewa ana saura kwana biyu in miƙa babi na biyu. Ya karɓa, bayan azahar na tarar da ita a kan kujerata, an naɗe ta da baƙin salatif, tana aiki.

In rana ta yi ban tashi ba, sai ya zo ya rufe mini murfin kwamfuta da yatsa ɗaya. “Salla, sannan abinci. Robo ba ta yin azumi a madadinki.” Ranar Litinin yakan zo da kwaɗon zogale daga Tibiri a ƴar roba, ya ce Inna Hasiya, matarsa, ta ce a ba mai robo.

Yanzu abin da ya faru.

Robo tana da ido guda da ke kallon ƙasa. In ta zo bakin rami ko bakin magudanar ruwa, idon zai ga ƙasa ta yi nisa, sai shawara ta ce wa ƙafafu su tsaya. A labo kuwa, in za mu gwada tayoyi, muna ɗora ta ne a kan gwangwanayen tumatir biyu, tayoyin na lilo a iska. A haka idon yakan ga ƙasa ta yi nisa, ya ɗauka rami ne, ta ƙi motsi. Shi ya sa muka sa wata lamba a fishiyen lambobi, muka kira ta gwaji. In gwaji na kan ɗaya, robo ba ta sauraron idon ƙasa. In yana kan sifiri, tana saurare.

Malam ya san haɗarin wannan. Ya sa na rubuta takarda mai layi bakwai muka liƙa a murfin akwatin robo. Kafin a fita da ita, mutum biyu za su tsaya, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya duba ya amsa. Layi na huɗu shi ne: gwaji yana kan sifiri?

Ana gobe za mu je Jiratawa gwajin fili, da la'asar, ni da Bashir muka karanta takardar. Komai daidai. Muka rufe akwati.

Da safe na riga kowa zuwa. Fargabar nan tawa ta hana ni zama. Na fito da robo na sa ta yi tafiya a kan siminti, sai na ga kamar tana ɗan karkata hagu. Kaɗan ne, da na bar ta ba abin da zai faru. Amma na ɗora ta a kan gwangwani, na mai da gwaji ɗaya, na rage gudun tayar dama, na ƙara lambar siga, na tura mata sabon kod. Ina cikin haka direba ya fara oda a waje, Dokta na kiran sunana. Na zare waya, na rufe akwati, na fita da gudu.

Ban mai da gwaji sifiri ba.

A cikin mota Malam ya juyo daga kujerar gaba ya ce, “Kun karanta takarda?”

Na ce, “Mun karanta.”

Mun karanta. Jiya.

A Jiratawa, gonar wani dattijo ce, Malam Hamza, albasa ce a ciki, magudanar siminti ta bi ta gefenta cike da ruwa. Ga Dokta, ga baƙi biyu da ya gayyato, ga manoma sun bar aikinsu sun zo kallo. Tun a makon da ya wuce Dokta ya gaya mini cewa in gwajin ya lalace saboda sakacina, sutanans ɗina, wato ranar kare aikin a gaban alƙalai, sai wata shekara.

Na ajiye ta a bakin layi na danna.

Ta tafi tiryan-tiryan. Ta tsaya, ta soka ƙarfe, ta ɗaga, ta ci gaba. Sau biyar ta yi haka. Malam Hamza ya ce, “Kai, wagga ta hi ƴaƴana jin magana.” Aka yi dariya. Na ga Malam Lawali ya rungume hannu yana murmushi.

Da ta doshi ƙarshen layi, inda ya kamata ta rage gudu, ba ta rage ba.

Kafin ta taɓa ruwa na san dalili. Ina so wannan ya fito fili. Ba daga baya na gane ba. Tana saura taki ɗaya na tuna gwangwanayen nan biyu da na bari a kan tebur.

Ta faɗa.

Wani daga cikin manoman ya ce, “Ashe ƙishirwa taka ji!” Wuri ya ɗauki dariya. Malam Lawali ko takalmi bai cire ba, ya shiga ruwan har gwiwa, ya ɗago ta, ya fara zare wayar batir kafin komai.

Da ya ajiye ta a kan ciyawa, sai ga wata waya rawaya tana reto. Wayar idon ƙasa ce. Ta fita daga inda aka liƙa ta da dalma, abin da muke ce wa sudir. Gefen simintin ne ya fizge ta lokacin faɗuwa, har ga sabon karce a jikin robo daidai wurin.

Dokta ya ɗaga wayar da yatsa biyu ya ce, “To ga shi. Wa ya yi sudir ɗin nan?”

Ni ya kalla.

Na ce, “Malam Lawali ne.”

Shi ya yi, wannan gaskiya ne. Amma na san abin da ake tambaya, kuma na san abin da amsata za ta sa a fahimta.

Dokta ya juya kan Malam, a gaban baƙi, a gaban manoma. Ba zan maimaita duka ba. Ya ce ɗaliba ta yi wata shida tana wahala, an zo an lalata mata aiki da liƙin bakin kasuwa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya gani da abin da na faɗa masa ya yi aiki da su.

Malam na tsaye, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Ya ce, “Ni na yi, Dokta. In Allah ya so zan duba.”

Muka kwashe kaya muka koma Maraɗi.

Kwana biyu ban je labo ba, na ce ba ni da lafiya. Rana ta uku na tarar ya kwance robo gaba ɗaya, ya wanke allon da alkol, ruwan goge kayan lantarki, da tsohon buroshin haƙori, ya shanya komai a kan taga. Ƴar kat ɗin ba ta cikin raminta.

Ban tambaya ba.

Ya ce, “Injiniya, kin warke? Zauna, allon bai mutu ba.”

Muka sake haɗa ta. Da muka zo kan idon ƙasa, sai ya fito da wani ɗan filogi da ya ɗaura wa jan ƙyalle mai tsawon kamu guda. Ya ce daga yau a cire gwaji daga fishiyen lambobi. Robo za ta shiga gwaji ne kawai in an cusa mata wannan filogin, in an zare shi ta koma daidai da kanta. Jan ƙyallen kuma ba ya barin murfin akwati ya rufu.

Ya ce, “Don kada wani ya mance.”

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Yana ta goge bakin ƙarfen sudir ɗinsa da soso.

A nan na san ya karanta layin farko na kat ɗin. Ya ga lambar siga ta ƙaru da ɗaya a kan wadda muka rufe akwati da ita. Ya ga gwaji a kan ɗaya. Tsarin da ya tilasta mini na yi, shi ya nuna masa ni ce.

Nan ne ya kamata in yi magana. Mu biyu ne a ɗakin. Na buɗe baki na ce, “Dabara ce mai kyau, Malam.”

Gwaji na biyu a Jiratawa ya tafi lafiya. Ta zo bakin ruwa ta tsaya cak, ta juya. Manoma suka tafa.

Sai memwar. Dole in yi bayanin gwajin farko. A shafi na arba'in da bakwai na rubuta cewa robo ta faɗa ruwa saboda wayar idon ƙasa ta cire sakamakon raunin sudir. Wannan ba shiru ba ne, ba kuma rabin gaskiya ba ne. Ƙarya ce, da hannuna na buga ta, na karanta ta sau uku kamar yadda nake karanta komai, na bar ta.

A shafin godiya na sa sunansa a layi na biyar.

A ranar sutanans, alƙalan sun fi yaba abu biyu: yadda aka rarraba kod ɗin, da filogin mai jan ƙyalle. Ɗaya daga cikinsu ya ce ba kasafai yake ganin ɗalibi ya tsara aiki haka ba. Na ce na gode. Malam na zaune a kujerar baya kusa da ƙofa, da makullai a hannunsa. Da aka faɗi sakamako shi ya fara tafi.

Abin bai tsaya a Jiratawa ba. Da ƴan bayanmu suka fara nasu aikin, aka ce a riƙa kai allunansu wani wuri a yi musu sudir. Shi aka bar masa makullai da ɗakin ajiyar kaya. Mutumin da ya fi shekara ashirin da ƙarfen sudir a hannu. Na taɓa ji da kunnena wani ɗalibi ya ja waya ta cire, ya ce wa abokinsa, “Sudir ɗin Tibiri ke nan.” Suka yi dariya. Ina tsaye a bayansu da takarduna. Na wuce.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata biyu ke nan. Na je Sabon Gari sayen waya da filogi don wurin da nake koyon aiki yanzu, wurin da robon nan ce ta sa suka ɗauke ni. Na tarar da shi zaune a benci a shagon wani tsohon abokin sana'arsa, suna shan shayi. Na so in yi kamar ban gan shi ba, ya riga ni.

“Injiniya! An zama manya, ba a gaishe mu.”

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi aiki. Ya ce, “Can ma final da final biyu suke yi?” Na ce na raba musu dosiye huɗu. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce wa abokinsa, “Ka ji ɗiyata.”

Da zan tafi ya ce in dakata. Ya ciro walat ɗinsa, ya zaro wata ƴar takarda da aka ninke ƙanƙane, ya sa mini a hannu. Na ji tauri a ciki. Kat ɗin ce.

Ya rage murya ya ce, “Taki ce. Ban goge komi ba, ban kuma nuna ma kowa ba. Kullum ina cewa in na gan ki in ba ki.”

Na ce, “Malam…”

Ya jira. Wallahi ya jira ni. Ban san tsawon lokacin ba, amma har mai shagon ya ɗago kai ya dube mu.

Na ce, “Na gode.”

Ya ce, “Ba komi. Ki zo Tibiri, Innarki na tambayar ki.”

Na ce zan zo. Na hau kabu-kabu ban waiwaya ba.

Bayan nan sau biyu ya kira ni a waya. Na duba ɗazu don kada in faɗi abin da ba haka ba: sau biyu ne, duka ranar Juma'a. Ina kallon sunansa har wayar ta katse. Na ce sai na shirya abin da zan faɗa. Na rubuta shi ma a takarda, na gyara, na sake gyarawa.

Yau na je Tibiri.

Na tarar an riga an kai shi. Na shiga wurin mata na zauna a gefen tabarma, ban san kowa ba. Da na matsa na yi wa Inna Hasiya gaisuwa na faɗi sunana, sai ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, “Ke ce mai robo? Sannu, ɗiyata. Sai yau?”

Ta juya ta ce wa matan da ke kusa, “Wagga ita ce wadda Malam ke hwaɗi. Ya ce duk ɗiyan da sunka wuce ta hannunshi babu mai lura kamar ta. Ya ce abu in ta duba, to an duba.”

Matan suka yi ta sa mini albarka.

Na so ƙasa ta tsage. Na buɗe baki, na ga idonta ya kumbura, mutane na ta shigowa, na ga ba ranar da zan ɗora mata wannan ba ce. Ko kuma dai tsoron ne ya sake samun hujja. Ban sani ba. Na yi addu'a na fito.

Da na dawo gida na sa kat ɗin a kwamfuta. Wata biyu tana cikin jakata ban buɗe ba. Layin farko na ranar yana nan yadda na san zan same shi. Siga ta ƙaru da ɗaya. Gwaji yana kan ɗaya. A ƙasa kuma, har zuwa layin ƙarshe kafin ruwa ya shiga, idon ƙasa yana ta aiko da awonsa. Ya ga bakin magudanar. Ya sanar. Wayar tana liƙe daram har lokacin da robo ta bar ƙasa. Kod ɗina ne aka ce wa kada ya saurara, kuma ni na ce masa.

Don haka ga magana, ga duk wanda ya je Jiratawa ranar, da wanda aka ba labari, da wanda ya karanta shafi na arba'in da bakwai, da wanda ya taɓa cewa sudir ɗin Tibiri:

Liƙin Malam Lawali bai cire ba sai da robo ta faɗa. Ni na manta gwaji a kunne. Na sani tun a wurin, na bari aka ci masa fuska a gaban jama'a, na kuma rubuta ƙarya a kansa. Rarraba kod ɗin da aka yaba, koyarwarsa ce. Filogin mai jan ƙyalle nasa ne gaba ɗaya, ko zaren ban ɗaura ba.

Kafin in fara wannan rubutu na tura wa Dokta saƙo da hoton layukan kat ɗin, na roƙi a ba ni dama in gyara shafin a kwafin da ke ɗakin karatu. Na tura wa shugaban wurin aikina shi ma. Ba wanda ya amsa tukuna. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. In an yi sadakar uku zan koma Tibiri in faɗa wa Inna Hasiya da bakina, kafin wani ya karanta mata.

Don Allah kada kowa ya rubuta mini a ƙasa cewa na yi jarumta. Wanda ya kamata ya ji wannan magana ya tsaya a gabana ya jira ta, ban ba shi ba. Ban nemi yafiyarsa ba, ba zan kuma ce ya yafe ba, don ban ji daga bakinsa ba.

Ya Allah, bawanka Lawali ya zo gare ka. Ya rufa mini asiri alhali yana da hujja a aljihunsa, ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Kunyar da ya sha saboda ni, ka mai da ita nauyi a mizaninsa. Ilimin da ya bari a hannunmu, ka sa ladansa ya riƙa isa gare shi. Ka ba Inna Hasiya da ƴaƴansa haƙuri, ka tsaya musu. Ni kuma ka yafe mini, ka sa ya yafe mini.

Wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙon ka tsaya minti ɗaya ka yi masa addu'a da sunansa. Ƴan labo, na da da na yanzu, ku tura wa junanku, musamman waɗanda suka ji labarin farko. Su ji wannan ma, sannan su ce Allah ya jiƙan Malam Lawali.

Amin.